Gashin Bakin Farfesa Nicanor

Duk wanda ya ce ya san dambe a garin San Lázaro, to ya jira Don Nicanor Zepeda ya tabbatar masa tukuna. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwa biyu: sanin dambe da gashin baki. Gaskiya ne bai taɓa kai wa kowa naushi ba tun da aka haife shi, amma wannan ai ƙaramar magana ce. Hannunsa zare da maɓallai yake sayarwa a bakin kasuwa, bakinsa kuwa ya kayar da zakarun duniya ba adadi. Shi ya sa ake ce masa Farfesa, shi kuma yake amsawa ko kunya babu.

Gashin bakin kuwa, kai! Baƙi wuluk, ya miƙe hagu da dama kamar ƙahon sa, kullum a shafe da mai. Shi yake fara shiga ɗaki kafin mai shi. Matarsa Casilda ta gaji da ganin miyar wake a cikinsa, amma ta san in aka ce ya zaɓa tsakaninta da gashin, sai dai ta haɗa kayanta.

Gwarzon Farfesa shi ne Eleuterio, ɗan mai gasa masara, wanda shi da kansa ya raɗa wa suna Aradu. Aradu saurayi ne mai ladabi. Duk garin da aka kai shi dambe ba ya ɓata wa masu gida lokaci, da wuri yake kwanciya. Sai ka zo shagon Melitón wanzami ka ji fassara.

"Jahilci ne ke damunku," in ji Farfesa, yana murza gashin. "A Mazatlán da kuke cewa an lakaɗa masa duka, gajiyar da hannun mutumin yake yi. Da fuska! Wannan ilimi ne mai zurfi. Faɗuwar kuwa santsi ne."

"To me ya hana santsin kama ɗayan, Farfesa?" in ji Melitón.

"Takalma, Melitón. Kai dai riƙe almakashinka."

Mutanen gari kuwa, Allah ya shirye su, sai su gyaɗa kai. Wa ba ya son garinsu ya haifi zakara?

Da bikin waliyyin gari ya zo, aka gayyato wani ƙato daga garin Culiacán, mai wuya kamar kututture, don ya kara da Aradu. 'Yan kokawa dama sun saba a wannan biki: kowa ya sa gashin kansa, wanda aka kayar a aske shi a gaban jama'a. Farfesa ya ga bai kamata 'yan kokawa su fi masana zuciya ba. Ya hau kujerar wanzami ya daki ƙirji.

"Na sa gashin bakina! In Aradu bai kwantar da wannan buhun ba, a aske ni a dandali!"

Casilda da labari ya kai mata, sai ta tafi coci ta kunna kyandir tana roƙon nasara. Farfesa ya ji daɗi matuƙa, don bai tambaye ta wa ta kunna wa ba.

Ran Lahadi da la'asar dandali ya cika maƙil, masu kakaki suna ta busa. Ana kaɗa ƙararrawa Farfesa ya miƙe, ya juya wa filin baya, don ya wayar da kan talakawan da ke zaune bayansa.

"Ku natsu ku ƙaru. Turmin farko na nazari ne. Aradu ba zai taɓa shi ba, zai ƙyale shi ya..."

Tim!

Ko da ya waiwaya, Aradu na miƙe yana kallon sama, alƙalin wasa ya gama ƙirga, ƙaton Culiacán har ya fara neman ruwan sha. Babban masanin San Lázaro shi kaɗai ne bai ga damben ba.

Aka kafa kujera a tsakiyar dandali. Da askar Melitón ta taɓa Farfesa, wallahi hawaye ya zubo masa, har ya ba mutane tausayi. Leɓe ya fito fari fat, ɗan mitsitsi, sai ka ce na jariri. An gama ɓangare guda ke nan aka tallafo Aradu, an sheƙa masa ruwa ya farfaɗo. Ya dubi jama'a ya ce, "Baba Nicanor, an kusa farawa?"

Farfesa ya ture hannun wanzami ya zabura, rabin gashin baki na rawa.

"Kun ji ko! Bai ma san an fara ba! Ina dambe a nan? Shammatarsa aka yi! A sake karawa watan gobe, na sa girata duka biyu!"

Dandali ya kaure da shewa. Waɗanda ɗazu suke zagin Aradu suka ɗaga shi sama suna kiran zakara, masu kakaki suka dasa sabon kiɗa.

Casilda ta matso a hankali, ta dubi leɓen mijinta da ba ta taɓa gani ba, sannan ta dafa kafaɗar wanzami.

"Melitón, tunda askar na hannunka, aske masa gira ɗaya yau. Kada aiki ya yi maka yawa watan gobe."