Ranar da Na Share Daji

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na sa magidanta goma sha ɗaya suka share daji da tsintsiya. Daji fa na ce, ba tsakar gida ba. An kwashe shekaru, amma har gobe in na shiga kasuwar Guri sai wani ya ɗaga murya daga cikin rumfa, "Mai Tsintsiya, an shigo?" Ni kuma in ɗaga masa hannu, don sunan nan ba wanda ya zalunce ni da shi, ni na je na nemo abina.

A lokacin ban fi wata uku da kama aikin malamin daji ba. An turo ni wani gandu a gefen fadama, tsakanin Haɗeja da Guri, inda aka shuka itatuwan turare da darbejiya tun ban san kaina ba. Itatuwan sun isa sara, sai aka ba ƙungiyar masu saran itace ta ƙauyen da ke kusa izinin su rage su, su sayar wa masu rufin ɗaki. Aikina shi ne in shafa jan fenti a jikin bishiyar da za a sare, in kuma tabbatar ba a lalata ƙasa ba, ba a gurɓata tafkin da ke gindin gandun ba. Tafkin nan daga shi garin ke sha, a nan shanu ke sauka, a nan ake kama ɗan kifin miya. Izinin kuwa na shekara ɗaya ne. In babban jami'i ya zo dubawa ya ga ɓarna, soke shi zai yi, mutum goma sha ɗaya su ajiye gatari su tafi ci-rani, su bar iyali a gida.

Shugabansu Baba Bukar ne, wani dogon tsoho siriri mai magana ɗaya-ɗaya. Yana da dokokinsa da ban taɓa gani a littafi ba. In za su fara aiki, sai ya tsaya a bakin ruwa ya wurga ƙotar gatari iya ƙarfinsa zuwa cikin daji. Daga inda ta faɗi zuwa ruwa ba a taɓa ko ganye, giyayya da bagaruwar wurin suna nan da saiwoyinsu suna riƙe da gaɓa. In an sare bishiya, a bar kututture iya gwiwa don ta sake toho. Mota ba ta shiga, sai amalanken shanu. Duk wannan na yarda da shi, har ina gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya sani.

Abu ɗaya ne ya tsone mini ido. Duk bishiyar da suka kayar, sai su sassabe rassanta su watsa a kan hanyar da amalanke ke bi, da ganyen da komai. Hanyar ta zama kamar juji. Babur ɗina ba ya wucewa, ƙaya ta tsarge mini ƙafar wando har sau biyu (kaki ne sabo fil, kullum da guga, karinsa kamar ya yanka mutum). A raina na yanke hukunci cewa lalaci ne kawai irin na mutanen da ba su san tsabta ba.

Ranar wata Litinin aka bugo mini waya daga ofis, aka ce Yallaɓai, wato babban jami'in da ke sa hannu a takardar izini, zai zo dubawa ranar Alhamis.

To, a nan sai na gaya muku wace ce uwata. Inna mace ce da in ta ji baƙo zai zo, ko da mai karɓar kuɗin wuta ne, sai an share gida tun daga zaure har bayan murhu, an yayyafa ruwa, an kunna turaren wuta. Da wannan aka raine ni a cikin garin Haɗeja: baƙo ba ya tarar da shara. Saboda haka da na ji Yallaɓai na tafe, ba karatun da na yi a makarantar gandun daji ne ya faɗo mini ba, muryar Inna ce. Ranar Talata na shiga kasuwa na sayi tsintsiyar kwakwa goma sha biyu da manjagara biyu, na ɗaure a bayan babur. Mai tsintsiyar har ya tambaye ni ko makaranta na buɗe.

Da na sauke kayan a gaban mutanen Baba Bukar na yi musu bayani, sai suka dubi juna. Baba ya ɗauki tsintsiya ɗaya ya jujjuya ta.

"Malam, wace sharar za a yi?"

"Hanyar nan, Baba. A kwashe rassan nan duka, a share ganyen, tun daga titi har inda ake sara. Babban baƙo ne zai zo."

"Ai ba shara ba ce, Malam. Shimfiɗa ce."

"Shimfiɗar wa?"

"Ta ƙasa. Ruwa bai daɗe da janyewa ba. Ƙasar fadama sama ne kawai ya bushe, cikinta taɓo ne. In ba shimfiɗa, ƙafar amalanke yanka ta za ta yi."

Da ina da wayo da nan na tsaya. Amma ina! Na gyara tsayuwa, na ce musu ni hukuma ta turo, kuma na yi shekaru ina karanta sha'anin ƙasa da itatuwa. Na ƙara da cewa ni nake neman musu alheri, don in Yallaɓai ya ga wannan ƙazanta, izinin ya tafi. Wannan maganar ce ta karya su. Baba ya dube ni, ya ce, "To, Malam. Yadda ka ce."

Kwana biyu muna shara. Ni kaina na tuɓe riga na kama manjagara, don in nuna musu shugabanci. Muka tara rassan tsibi-tsibi a bayan wata bishiyar kargo. Na ce a cinna musu wuta, Baba ya ce ɗanyu ne, hayaƙi kawai za su yi su dami baƙo, a bari sai ya tafi. Na yaba masa da wannan hankali (ban san tsohon ajiyarsa yake yi ba). Da yammacin Laraba na tsaya a bakin titi na hango hanyata, fes, har da zanen tsintsiya a kanta. Wallahi sai da na ɗauke ta hoto.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga farar motar Yallaɓai. Direba ya tsaya a gefen titi ya kashe, ya ce nan suka saba ajiyewa su taka da ƙafa. Na ce masa wannan da ne, yanzu an gyara hanya har ciki. Yallaɓai yana baya yana waya, kansa a cikin takardu, bai ma san me ake ciki ba. Na shige gidan gaba, na sa hannu ɗaya a taga, ina nuna wa direba hanya kamar gonar ubana.

Mun yi tafiya mai ɗan dama lafiya. Daga nesa ina hango su Baba Bukar a tsaye a jere, ga tafkin a bayansu. Baba yana ɗaga hannu biyu yana kaɗawa. Ni ma na ɗaga masa nawa, na zaci maraba yake yi.

Sai na ji motar ta yi wani luuu, ta zauna. Direba ya taka totur, ta ƙara zama. Ya sa ribas, ta karkace. Yallaɓai ya katse waya ya ce, "Kai, ina ne nan muka shigo?"

Na yi wuf na fita don in tura. Ƙafar farko ta nutse har ƙwauri. Na lallaɓa bayan mota na dafa, na ce wa direba ya ba ta wuta. Ya kuwa ba ta. Tayar ta juya a wuri ɗaya, ta kwaso baƙin taɓo ta watsa mini tun daga hula har ƙasa, har cikin baki. Na ja da baya, ƙafata ta fito, takalmin ya ce shi ya samu wurin zama. Na faɗi zaune daɓas.

Ina nan zaune na ga su Baba Bukar sun taho a guje. Na miƙa hannu don a ɗaga ni. Suka wuce ni. Suka wuce motar ma, da Yallaɓai a cikinta. Ashe ramin da tayoyin suka haƙa ya cika da baƙin ruwa, ya fara gangarawa ta kan hanyata mai sheƙi, ba abin da zai tare shi, ya nufi tafki kai tsaye. Baba yana cewa, "Ku tare ruwan tukuna! A ɗebo rassan!" Nan da nan tsibin da na so in ƙona ya dawo. Suka datse hanyar da rassa da ganye, suka danne da itace, wasu suka ja ruwan da gatari ya karkata cikin ciyawa. Taɓon bai kai tafki ba, saura kaɗan. Sai da suka gama sannan wani ya tuna da ni.

Yallaɓai ya fito ta ɗaya ƙofar, ya tattare babbar rigarsa, ya taka kan rassan. Ya dubi ramin, ya dubi hanyar tsirara tun daga titi, fuskarsa ta canza.

"Baba Bukar, ni da kai ba yau muka fara ba. Ina shimfiɗar hanyar nan? Ka bar ƙasa a buɗe a gangaren ruwa, ana jan itace a kai? Ka san da wannan kaɗai zan iya soke takardarku."

Mutanen suka sunkuyar da kai, ba wanda ya dubi inda nake. Baba ya gyara hularsa ya ce, "Ranka ya daɗe, kuskure ne aka yi. Laifin namu ne, mu muka kwashe da hannunmu."

Ku lura, bai yi ƙarya ba, da hannunsu suka kwashe. Amma ya rufa mini asiri ne da abincin gidaje goma sha ɗaya, don kada a ci mutuncin yaro a gaban maigidansa. Yallaɓai ya riga ya zaro biro. Na san in na yi shiru minti ɗaya, zan koma Haɗeja da aikina, su kuma su koma gida da gatarinsu. Ban ɓoye muku ba, na yi shirun nan na kusan rabin mintin.

Sannan na matso, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya da safa, taɓo na ɗiga daga kunnena.

"Yallaɓai, ni ne. Ni na sa su. Baba ya hana, na ce umarni ne."

"Kai ka sa a kwashe shimfiɗa?"

"Har da shara, Yallaɓai."

"Shara? Da me?"

"Da tsintsiya." Na haɗiyi yawu mai ƙasa-ƙasa. "Goma sha biyu."

Yallaɓai ya ce, "Ba a koya muku barin rassa a kan hanyar jan itace ba a makaranta?"

"An koya, Yallaɓai."

"Ka ci jarrabawar?"

"Ni na zo na biyu."

Direba ne ya fara fashewa, ya kifa kai a kan sitiyari. Daga nan kowa ya saki. Yallaɓai ya yi ƙoƙari ya riƙe, ya kasa, har yana goge hawaye da hannun riga. Baba Bukar ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya sa sanda ya zaƙulo mini takalmina ya miƙo mini.

Bijimai huɗu suka ja motar, bayan an cusa rassa a ƙarƙashin tayoyi. Yallaɓai ya zaga gandun da ƙafa, ya ga kututturan da suka fara toho, ya ga giyayyar bakin ruwa ba wadda aka taɓa, ya leƙa tafkin ya ga ƙasansa. A kan amalanke ya ɗora takardar ya sa hannu, wata shekarar. Ni kuma ya ce ba zai rubuta komai a kaina ba, amma duk reshen da aka kwashe in mayar da shi, kuma in cike ramin, a ƙarƙashin umarnin Baba Bukar.

Kwana biyar na yi ina jan rassa. A nan na koyi cewa ba watsa su ake yi barkatai ba: manya a gicciye, ƙanana a kai, ganye a sama, a ƙara kauri a inda hanya ta gangara. A rana ta ƙarshe Baba ya taka aikina daga farko har ƙarshe, ya ce, "Ɗana, wannan shimfiɗa ta yi." Ba Malam ya ce ba, ɗana ya ce. Na karɓi takardun yabo a wurin aiki bayan haka, amma ba wadda ta yi mini daɗin wannan.

Damina ta zo ta wuce, tafkin yana nan garau, ba wanda ya tafi ci-rani a cikinsu. Ina alfahari da mutanen nan da suka wuce motar babban mutum suka je ceton ruwan shansu, kuma ina ɗan alfahari da bakina da ya buɗe kafin biro ya sauka. Ɗaya daga cikin tsintsiyoyin tana rataye a ofishina. Duk sabon ma'aikacin da aka turo mini, ita nake fara nuna masa, in ce in ya ga abu a daji bai gane ba, ya tambayi mai gatari kafin ya gyara.

Da na ba Inna labari kuwa, na ce tarbiyyarta ce ta ja mini, sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ni gida na ce ka share. Wa ya aike ka daji?"