Sarkin Kumfa Ya Zo Na Ɗaya

An zuba wa tafkin da wani gari a Girinlan ke sha guba, kuma ba baƙo ne ya zuba ba.

Amma kada a yi gaggawa, a fara jinjina wa Pavia Kleemann, shugaban 'yan kwana-kwana na filin jirgin garin, filin da jirgi ke sauka sau biyu a mako idan hazo ya ga dama. Shekara ashirin da biyu yana riƙe da kujerar, wuta ba ta taɓa tashi ba, shi kuwa ya ce tsoronsa take ji. Da ta ƙi zuwa sai ya koma kunna ta da kansa. Duk lokacin da rana ta dawo bayan duhun hunturu, wanda a can sai a daɗe ba ta fito ba, sai ya sa a tuttula mai a tsoffin ganguna, ya saka hular ƙarfensa mai walƙiya, ya cinna, ya kashe da kumfar kashe gobara, jama'a na tafi. A kan tudun da ke saman tafki yake yi, don nan ne hoto ya fi kyau. Dusar ƙanƙara ta narke, kumfar ta gangara cikin tafki. Shi ya sa mata ke ce masa Sarkin Kumfa. Shi a zatonsa sarauta ce.

Shi ne kuma wakilin muhalli. Ya je taro a birnin Kopenhagen har sau huɗu, kullum da jawabi ɗaya: "Mu mutanen Girinlan tsarkaka ne. Masana'antun kudu ke aiko mana da dafi a kan iska." Laifi tudu ne. Ya dawo ya hana mata masu ciki cin kitsen dabbobin teku, ya ce su yawaita shan ruwan tafki, wai babu irinsa a duniya.

Bolethe, mai fere kifi a masana'antar daskarewa, ta bi maganarsa. Da hannunta take saro ƙanƙarar tafkin, ta ɗora wa karnuka su ja, ta narka wa 'yarta Nivikka mai ciki, har ta haihu.

Don ya kunyata kudu, shi da kansa ya gayyato masu bincike. Ya buɗe musu gida, ya dafa musu gahawa da ƙanƙarar tafki, ya fara miƙa hannu a ɗebi jininsa, ya ce jinin shugaba ne ma'aunin al'umma. Suka auna teku, suka auna tafki, suka kankari ƙasar tudunsa. Sakamako ya dawo: sinadarin cikin kumfar ne, irin wanda ba ya ruɓewa, ya shiga jini ya yi zamansa. Ma'aikaciyar jinya ta kira Nivikka ta ce a sake tunani kan nonon da take ba jaririn. Wata uku gare shi. Bolethe ta ga 'yarta zaune da kwalbar madara a hannu, rigarta ta jiƙe, yaro na kawar da kai.

A taron gari, Sarkin Kumfa ya miƙe da takarda yana murmushi. "Jama'a, a duk garin nan jinina ne ya zo na ɗaya wajen yawan sinadarin. Wannan ya tabbatar ba wanda aka zalunta kamar ni." Sannan ya sanar cewa za a rufe tafkin da gagarumin biki, wanda zai ƙunshi atisayen kashe gobara na bankwana, don akwai ganga tara na kumfa a rumbu, kuma shi ba ya son almubazzaranci.

Wani tsohon mafarauci ya tambaya ko za a ba shi kofi ne ko lambar yabo. Bolethe ba ta yi dariya ba. Ta tashi da warin kifinta.

"Pavia ƙanena, ni na goya ka a bayana lokacin da uwarka ke jeme fata, kada ka yi mini jawabi. Jikana bai ci komai ba tun safe."

Ya buɗe baki zai ambaci kudu. Ta juya masa baya ta fuskanci 'yan majalisar gari.

"Gangunan nan tara su bar garin a jirgin ruwa na farko, a kulle. A kwashe ƙasar tudun. A kawo mana ruwan sha kafin ranar Litinin. Shi kuma ku ba shi shebur, tunda ya san wurin."