Sakatariyar Kawu da Tambayata Mai Shafi Biyu

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na tona wa kaina asiri da hannuna, da birona, a kan takarda mai layi, kuma da kyakkyawan rubutu.

A lokacin ina karatun kwamfuta a Kano. Idan an yi hutu, maimakon in wuce gidanmu a Tarai sai in sauka a Rano wajen Kawu, yayan mahaifiyata, saboda a can sabis ya fi ƙarfi. Kawu tsohon hedimasta ne, yanar ido ta kama shi har ya daina ganin rubutun waya. Shi ya sa babban ɗansa, Yaya Mansur, ya aiko masa da sabuwar waya daga Legas, irin wadda ake yi wa magana ta amsa. Da Turancinsa na mutanen da zai ce ta kira masa wance, ta kira. Tana karanta masa saƙo, tana tuna masa da maganin hawan jini. Har suna ya raɗa mata: Sakatariya.

Ni ma wayata ta kamfanin ce, amma tsohuwar yayi, ta hannu na saya. Kamfanin ya ce wannan manhaja ta sababbin wayoyi ce kawai. Na zauna na karanta, na gano tsohuwar ma za ta iya ɗauka, sun dai hana ne don a sayi sabuwa. Abin ya tsaya mini a rai. Waya tawa, da kuɗina, wani yana can ƙetare yana yanke mini abin da za ta yi?

Sai na ci karo da hanyar da wasu suka gano a intanet. Kowace sabuwar waya tana da wata 'yar shaida a cikinta, wadda take nuna wa kamfani cewa ita sabuwa ce. Idan ka kwafo shaidar, ka tura wa wani mutum da ba ka san ko sunansa ba, shi zai haɗa tsohuwar wayarka da kamfanin ta hanyar kwamfutarsa. (E, na sani. Ɗalibin kwamfuta ne ya yarda da wannan. Ku ci gaba da karatu kawai.)

Kullum ni nake sa wa Kawu wayarsa a caji, lambar sirrin ma ni na saka masa. Wata rana yana barcin rana na kwafe shaidar, na mayar da wayar gefen matashinsa. Na ce wa kaina ai ban ɗauki komai ba, tasa tana nan yadda take.

Ta yi aiki kuwa. Me na yi da ita? Ni da nake jin nauyin yin magana a gaban mutane, sai in zagaya bayan gida wajen turken awaki, in yi ƙasa da murya in tambaye ta ƙarfe nawa. Da agogo a hannuna.

A rana ta biyar tawa ta yi shiru. Ta Kawu ma ta yi shiru. Daga baya na fahimci mutumin nan ya rarraba shaidar Kawu ga wasu, kamfani ya ga waya ɗaya tana magana daga wurare barkatai, ya toshe ta.

Kawu ya yi ta danna waya yana kiran Sakatariya, ba amsa. A makon nan 'yarsa Hadiza da ke aure a Kibiya cikinta ya tsufa, safe da yamma yake kiranta. Sau biyu ya manta da magani. Da ransa ya gama ɓaci ya ce in kira masa Yaya Mansur.

"Mansur, jabu ka sayo mini," in ji shi. "Da ka ce ba ka da hali, ai da na haƙura."

Ni nake riƙe masa wayar a kunne yana wannan faɗan.

Mai hankali a nan zai durƙusa ya faɗi gaskiya. Ni kuwa na ga ya kamata in fara tabbatarwa ko na yi laifi ma tukuna. Kwana uku ina karanta sharuɗɗan kamfanin, waɗannan da kowa yake danna "na yarda" bai duba ba. Na fito da hujjoji. Saura hukuncin addini.

A masallacin unguwar Kawu ana karatu duk Asabar bayan La'asar. Idan an gama, mai tambayar da yake jin kunya sai ya rubuta a 'yar takarda ba suna, a miƙa gaba. Mutane layi biyu suke rubutawa. Tawa shafi biyu ce, da lambobi, da ƙananan sassa. Na taɓa ji cewa amsa tana bin yadda aka yi tambaya, don haka ban rage komai ba. Na rubuta cewa wani ɗalibin kwamfuta ne da kawunsa, tsohon hedimasta mai lalurar ido, wanda ɗansa ya aiko masa da waya daga Legas. (Na ga lalurar idon za ta iya shafar hukuncin. Legas ɗin har yau ban san me ya kai ta ciki ba.) Sunana kawai na ɓoye, kuma na ji na yi dabara.

Abin da na dogara da shi shi ne, Malamin da ke ba da karatun yakan karanta doguwar tambaya a zuci, ya taƙaita ta da kalma biyu, ya amsa. Ranar nan ya lalubi aljihu, ya ce ya baro tabarau a gida. Sai ya miƙa takardun da makirfo ga ladan, Malam Idi, mutumin da ko rasit ka ba shi zai karanta har da lambar ƙasa.

Ina zaune kusa da Kawu, ni na riƙo hannunsa muka zo.

"Na ɗaya," in ji Malam Idi, lasifikar waje tana maimaitawa har bakin titi. "Bayanin waɗanda abin ya shafa."

Kafin ya kai ga Legas mutane sun fara juyowa. Wani mai shago a sahun gabanmu ya leƙo fuskata, ya ce, "Sannu, Malam." Na zuba wa tabarma ido kamar zan ƙirga zarenta. Malam Idi ya tsaya, ya ce shafin ya ƙare amma akwai na biyu, ko a bar shi haka?

"A karanta, Malam Idi," Kawu ya ce a hankali. "Ina so in ji yadda ta ƙare. Kamar na san dattijon nan."

Aka karanta. Har da inda na ja layi ƙarƙashin "yana barcin rana".

Malam mai ba da karatu ya yi gyaran murya, yana ƙoƙarin danne dariya. Ya ce tambaya ta yi kyau, an daɗe ba a kawo mai tsari irinta ba. Ya ce batun kamfani yana da tsawo: ko suna da ikon hana mutum amfani da abin da ya saya, wannan sai an zauna da masana doka, shi ba zai yi gaggawa ba. Amma sharaɗin da mutum ya ce ya yarda da shi alkawari ne, ko bai karanta ba.

"Sai dai mai tambaya ya yi shafi ɗaya da rabi a kan kamfani," in ji shi, "layi ɗaya a kan kawunsa. Ni kuma layin nan ɗaya ne ba na buƙatar tabarau a kansa. An ba ka amana. Wanda zai amsa maka wannan ba ni ba ne, kuma ina jin bai yi nisa da kai ba."

A hanyar gida ina riƙe da hannun Kawu, da muka kai ƙofa ya juyo gare ni.

"Ɗan ƙanwata, me ka tambaye ta a kwana huɗun?"

"Lokaci, Kawu."

"Lokaci." Ya jinjina kai. "Da ka roƙe ni, da na ara maka ita ka tambaya har ka gaji. Yanzu kira Mansur, ka sa kowa ya ji. Ni na ce masa maƙaryaci, amma kai za ka ba shi haƙuri."

Na kira, na faɗi komai, wannan karon ba lambobi. Yaya Mansur ya fashe da dariyar da ta fi zagi ciwo. Aka aika masa da wayar ta motar haya, ta yi kusan wata kafin a gyara. Kawu ya koma ga tsohuwar ƙaramar wayarsa mai madannai, ya kuma yanke hukunci: tunda ni na kori Sakatariya, ni zan riƙe muƙaminta.

Haka hutuna ya ƙare. Ina tsaka da karatu zan ji, "Sakatare, kira mini Hadiza." "Sakatare, ƙarfe nawa?" Idan baƙi sun zo har gwada ni yake yi, ya ce wannan tsohuwar yayi ce amma tana jin Hausa. Ranar da Hadiza ta haihu ni na karanta masa saƙon. Ya sa na maimaita sau uku, sannan ya dafa kaina, daga nan na san an yafe. Lambar sirrin dai ya sa an canza, kuma ba ni na zaɓa ba.

Har yau ina ganin kamfanin nan bai kyauta ba, hujjojina suna nan a fayil. Amma na koyi abu biyu. Idan mai amsar tambayarka yana zaune tabarma ɗaya da kai, ka raɗa masa a kunne. Idan kuma dole sai ka rubuta, layi biyu, sannan ka fara duba ko Malam ya zo da tabarau.