Wa Ya Gaya Maka?

"Sannu da gida, uwargida."

"Yauwa ɗan fursuna. Tsaya nan bakin ƙofa, kar ka shigo mini da kuɗin cizon hukuma."

Haka tsohuwa ta tari jikanta. Kwana huɗu ke nan da aka ɗauke shi daga gidan rediyon da yake aiki, saboda rahoton da ya yi kan magungunan da ake kwashewa daga asibitin unguwa ana sayarwa a waje. Abin da ko uwarsa ba ta sani ba, ita tsohuwar ce ta ba shi labarin. Shekara goma sha ɗaya tana sayar da ayaba a ƙofar asibitin, ba kwalin da ya fita ta baya idonta bai gani ba. In har ya ambaci sunanta a can, to ita da wurin sana'arta sai dai labari, kuma motar da ta ɗauke shi ita za ta dawo ɗaukarta.

Ya shigo yana riƙe da ƙugun wando, don sun karɓe masa bel.

"Dubi miji! Kai da kullum kake cika mana kunne a rediyo kamar zaki, ashe ɗan tsako ne. Wa ya fige maka wuya?"

"Kewarki ce ta ramar da ni."

"Ƙarya kake, yunwa ce. Na ji an ce kuka ka yi ta yi har masu gadi suka roƙi a sake ka su huta."

"Ni? Ai hira na yi ta yi da su. Na samo labari uku a ciki, kyauta."

"Da ma aikin naka duk kyauta ne. Takalmi a huje, na'urar ɗaukar murya an ɗaure ta da roba. Mai gyaran keke ya fi ka ƙiba. Ni fa na gaji, sakina za ka yi in auri direba."

"Wane direba zai kwashi mace mai haƙori biyu?"

"Uku ne, makaho!"

Ya zauna a gefen gado yana dariya, yana dafa haƙarƙari. Nan idonsa ya sauka kan wani ƙunshi a bayan ƙofa: zane biyu, carbi, da maganin hawan jini.

"Tafiya za ki yi, kaka?"

"Ina ruwanka? Wanki ne."

"Wanki da carbi?"

Tsohuwa ta kau da kai ta shiga kakkaɓe tabarmar da ba ƙura. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Sun tambaye ka?"

"Safe da yamma. 'Wa ya gaya maka? Wa ya gaya maka?' Har da mari a kai."

"Sai ka ce me?"

"Na ce ɗan jarida ba ya tona wanda ya ba shi labari. Da lauya ya zo da edita ma haka na maimaita. Suka gaji suka buɗe ƙofa."

Wani numfashi ya kuɓuce mata mai tsawo, kamar an sauke mata buhu daga ka. Ta share ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙin maƙwabta ne. Sannan ta murtuke fuska.

"Wato ka ci amanata ke nan. Ni na yi aikin, kai ka yi suna. Ko 'wata kyakkyawar mata' ba ka iya cewa ba?"

"Ai ƙarya ce ba ma yi a aikinmu."

"Ɗan banza!" Ta kai masa duka da mafici, a hankali, nesa da haƙarƙarin. "Je ka yi wanka. In ka fito, matso kusa. Akwai abin da na gani jiya game da motar ɗaukar marasa lafiya, wadda suka ce ta lalace. Ni dai na ganta garau, tana dakon siminti."

Jikan ya miƙe ya ɗaga hannu biyu sama, wando ya nemi zamewa, ya yi maza ya cafe.

"Na tuba, uwargida! Ki bar ni in kwana biyu a gadona tukuna."

"Kwana ɗaya," in ji tsohuwa, tana dariya har haƙoran nan uku suka bayyana.