Yadda Za Ka Aika Liyarin Kakarka Legas Cikin Kwalin Banda

Bawan Allah, matso kusa. Idan akwai wani gwangwani a ƙarƙashin gadon kakarka da yake ƙara in an girgiza shi, kuma wani mai hali a intanet ya ce yana so, to ka zo inda za a share maka hawaye. Tabbaci nake ba ka: duk wanda ya bi matakan nan bi da bi, kayansa za su isa hannun mai saye ko anini bai yi ciwon kai ba. An riga an gwada hanyar a kan mutum guda, Muttaka na Haɗeja, kuma kayansa sun isa lafiya lau.

Shi Muttaka manomin shinkafa ne a fadama. Ambaliyar bana ta shanye masa gona, ta haɗa da injinsa na ban ruwa ta yi gaba da shi. Idan bai sayi wani injin kafin a fara noman rani ba, ƙodago zai yi a gonar sa'anninsa, shi da ake zuwa wurinsa aron iri. Ka riƙe wannan a ranka, domin duk abin da ya aikata nan gaba, injin nan ne ya sa shi.

Mataki na 1: Ka mallaki kayan, ko ka yi kamar ka mallaka

Kada ka ɓata lokacinka wajen tambayar na waye. Kayan kaka na jika ne, jinkiri kawai ake yi.

Gwangwanin da ake magana na Iya 'Yar'azumi ne, kakar Muttaka ta wajen uba. Mijinta marigayi fatauci yake yi zuwa Borno, kuma duk tafiya sai ya taho mata da wani abu. A ciki akwai kwabo mai huji, da anini, da sisi, da fataka, sai kuma manyan baƙi, wato liyari, tsohon kuɗin azurfa mai ɗauke da kan wata mata mai kumatu. Duk sun yi baƙi ƙirin saboda daɗewa.

Muttaka ya same ta a tsakar gida tana gyaran zogale.

"Yau kuma me ya kawo mijin da ba ya cefane?" in ji Iya.

"Alheri ne, Iya. Wasu masu binciken tarihi ne a Legas suke son ganin kuɗin nan naki. Za a kai a nuna wa jama'a, a dawo da su."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "To, tarihi. Yana nan inda ka saba leƙawa."

Ka lura da hikimar da ke nan. Kalmar tarihi ba ta da ranar dawowa, kuma ba a taɓa jin tsohuwar da ta kai ƙarar tarihi wurin mai unguwa ba.

Mataki na 2: Ka ɗauki hoto, ka janye hannunka

Ka shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa, ka jera su, ka ɗauki gaba da baya. Ka sa a shafin masu tara tsofaffin kuɗi. Kashedinka kada ka rubuta cewa kana cikin matsi. Ka rubuta cewa gado ne da ba ka son rabuwa da shi, domin abin da ba a son sayarwa ya fi tsada.

Wanda ya taya wa Muttaka wani likita ne a Legas, Dokta Abdulganiyyu, wanda ya yi aiki a Kano da daɗewa har Hausa ta zauna a bakinsa. Farashin da ya ambata ya isa inji, har da tiyo da man fara aiki. Kuɗin za su zauna a hannun masu shafin, sai kaya sun isa ya duba ya yarda sannan a sakar wa Muttaka. Sharaɗinsa ɗaya ne.

"Malam Muttaka, baƙin nan na jikinsu shi nake saye. Shekaru ne suka kwanta a kansu. Kada ko yawu ya taɓa su."

Haka masu wannan harka suke. Kai kana ganin dauɗa, su suna ganin daraja, kuma ba aikinka ba ne ka yi musu magani.

Kafin ranar tafiya, ka mayar da gwangwanin ƙarƙashin gadon tsohuwa. Babu bankin da ya kai wurin nan tsaro, domin mai gadinsa ba ta zuwa ko'ina. Amma kada ka kuskura ka gaya mata zancen baƙin nan. Za ta tambaye ka tun yaushe masu tarihi suka fara kafa sharaɗi kamar masu ciniki, kai kuma ba ka da amsa. Muttaka ya yi gum da bakinsa, kuma a lokacin ya ga kamar ya yi dabara.

Mataki na 3: Ka kashe musu murya

Babban aibin kuɗin ƙarfe shi ne surutu. Kwalin da ke cewa cakar-cakar a tasha ya riga ya yi wa kansa shela. Dole a naɗe kowanne daban, a matse su yadda ba za su gaisa da juna ba.

Muttaka ya taki sa'a a nan. Da ya je ɗaukar kayan, sai ya tarar Iya ta riga ta naɗe kowanne cikin tsumma, ta zuba su a 'yar jakar atamfa, ta ɗinke bakin da zare ninki biyu.

"Na gyara maka su, Maigida," ta ce. "Kada a ce kayan gidanmu sun je birni a wulaƙance."

Ya girgiza jakar, shiru kake ji. Ya yi godiya ya fice. Ga ƙa'ida, ka rubuta ta a bango: ƙullin da tsohuwa ta yi ba a kwance shi, don ba za ka iya mayar da shi ba.

Saura ɓad da kama. Idan kai ɗan Haɗeja ne, Allah ya riga ya hutar da kai. Kwalin bandar kifi nawa ne ke barin garin nan zuwa kudu kowane mako? Wa ya taɓa zargin tarwaɗa da ɓoye azurfa? Ka sa jakar a can ƙasa, ka jera banda a kai har baki, ka naɗe da salatif kamar mai ɗaure karaya. Ka zaɓi kifi mai kyau a sama. Za ka ga amfaninsa a hanya.

Mataki na 4: Ka yi inshora iri biyu

Akwai ta ofis, akwai ta gida. Mai hankali ba ya zaɓar ɗaya, tunda bai san wadda za ta fara aiki ba.

Ta gida ba ta da wuya. Ka sayi ƙosai ka raba a ƙofar masallaci, ka roƙi liman ya sa wata buƙata taka a addu'a. Kada ka faɗi buƙatar. Liman maƙwabcin Iya ne.

Ta ofis kuwa sai ka je Kano, wurin kamfanin aike da ke haɗawa da inshora. Muttaka ya samu wata ma'aikaciya mai suna Amira, wadda ta toshe hanci da gefen mayafi tun kafin ya aje kwalin.

"Malam, kifi za ka yi wa inshora?"

"Abin da ke ƙarƙashin kifin, Hajiya."

Ya nuna mata hotuna da farashin da aka yi ciniki. Ta so a farke jakar ta gani da idonta, ya rantse mata cewa in aka kwance ɗinkin nan babu telan da zai mayar a Kano. Ga layi ya yi tsawo, ga ofis ya gauraye da ƙauri. Ta tattaɓa jakar, ta auna nauyinta, ta buga hatimi. Sannan ta karanto masa abin da za a biya shi a kai: sata, gobara, haɗarin mota, jiƙewa, ɓacewa.

"Ambaliya fa?" ya tambaya, domin shi ita ya sani.

"Tana ciki."

Ya fito yana jin kansa kamar wanda ya ɗaure duk masifun duniya a turke ɗaya.

Mataki na 5: Hanya

Na tsallake maka wannan da gangan don kada ka karaya tun da wuri, amma kafin ka kai Kano sai ka fita daga Haɗeja, kuma inshorar ofis ba ta fara aiki sai an buga hatimi. Tsakanin gidanku da hatimin nan, ƙosai ne kaɗai ke riƙe da kai.

A lokacin ruwa bai gama janyewa ba, ya yanke hanya a wani wuri kafin Kafin Hausa. Muttaka ya sauka daga mota ya shiga kwalekwale, kwali a cinya, ya rungume shi kamar jariri. Wata mata da ke kusa da shi ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mai son kifi irin wannan bawan Allah ba. A shingen jami'an tsaro biyu aka tambaye shi abin da ke ciki, a shinge biyu ya farke salatif ya miƙa tarwaɗar sama da hannu bibbiyu. Babu wanda ya tona ƙasa. Mutumin da aka ba kifi ba ya son sanin abin da ke bayansa.

Bayan ka miƙa kaya za a ba ka lambar bin sawu. Ka duba ta da safe da yamma ya wadatar. Muttaka ya duba ta har wayarsa ta yi zafi, ya je shagon masu injuna ya zaɓi ja, ya sa aka tayar masa da shi ya ji ƙararsa.

Mataki na 6: Idan mai saye ya kira, ka zauna tukuna

Kaya sun isa. Na gaya maka za su isa. Dokta ya kira ta bidiyo, ya ɗauko almakashi ya farke ɗinkin Iya a gaban idon Muttaka, ya warware tsumman farko.

Liyari ya fito fari tas, yana walƙiya kamar kwanon jeren amarya. Na biyu ma haka. Matar mai kumatu ta sha dirza har gashin kanta ya shafe. Kwabo mai huji ya koma ja wur. Ba a bar ko anini ɗaya da baƙinsa ba.

Dokta ya cire tabarau. Ya ce, "Malam Muttaka, wa ya yi mini wannan aiki? Wa ya kankare shekara ɗari da soso?"

 Muttaka ya san amsar, domin ya sha ganin yadda ake fito da tasoshin Iya kafin salla, da toka da jiƙaƙƙiyar tsamiya.

Ciniki ya watse. Nan ne za ka tuna kana da inshora, ka kira Amira da ƙarfin gwiwa.

"An sace?" ta tambaya.

"A'a."

"Sun ƙone? Sun jiƙe a hanya?"

"Hajiya, wanke su aka yi."

"Wa ya wanke?"

"Kakata."

Ya ji kamar tana danne dariya. "Malam, ka yi haƙuri. Kaka ba ta cikin abin da muka lissafa."

Dokta mutumin kirki ne, ya mayar da jakar cikin kwalinta ya aiko wa Muttaka. Kifin dai ya riƙe, ya kuma aiko da saƙon cewa bandar Haɗeja babu kamarta.

Mataki na 7: Ka koma gida ka yi faɗa

Hakkinka ne. Ka shirya kalamanka tun daga hanya, ka shiga babu sallama mai tsawo.

Muttaka ya shiga da nasa a shirye. Ya tarar da Iya zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana shafa man kaɗanya a yatsu. Fatar kan yatsun duk ta saɓule, ƙasan farcen ya tsattsage.

"Sun isa?" ta tambaya tun kafin ya zauna.

"Sun isa, Iya."

"Madalla. Kai dai ba ka iya ƙarya ba, irin kakanka. Tarihi! Tun ranar da ruwa ya tafi da injinka na san gwangwanin nan ya tashi daga gidan nan. Ƙanwarka Jannat ta nuna mini hotonsu a wayarta, baƙi ƙirin, duniya tana kallo. Na ce yaron nan zai kai kaya kasuwa da dauɗa a taya masa a banza. Na zauna na dirje su ɗaya bayan ɗaya, har na ranar aurena." Ta ɗago ido ta dube shi. "An ƙara maka kuɗin ko? Injin zai samu?"

Duk kalaman da ya shirya suka bi iska. Tausayinta ya kama shi, kunyar kansa ta fi tausayin yawa. Ya kalli yatsun, ya kalli ƙasa.

"An ƙara, Iya," ya ce. "Sun ce ba su taɓa ganin masu kyau irinsu ba."

Ta yi dariya har da tafi. "To ranar da za a tayar da shi, ka sa a kai ni fadama a amalanke. Ina so in ga ruwan da liyarina ya jawo."

Jakar tana nan yanzu a cikin buhun dusa a ɗakin Muttaka. Ba ta sayuwa a farashin da, kuma ba ta komawa ƙarƙashin gado. An fara yayyafa irin rani a fadama.

Sanarwar wanke hannu

Marubucin wannan jagora ya yi alkawarin kaya za su isa, kuma sun isa. Ba shi da alhakin kifin da aka ci a hanya, ko ƙosan da aka raba, ko hawan jinin wani likita a Legas. Ba ya karɓar ƙorafi a kan toka, tsamiya, ko tsofaffin da suka fi jikokinsu sanin abin da ake ciki. Ba ya ba da aron inji, ba shi da amalanke, kuma bai san wanda ke da su ba. Idan kakarka ta wanke mayafinta na fita ta rataye a ƙofa, tana tambayarka kowace safiya ko yau ne za a je fadama, kada ka neme ni. Kai ka ce mata an ƙara.