Barmo da Bindigar da ke Tura Mai Ita

A wani ƙauye bakin gulbi akwai wani tsohon maharbi, Malam Nomau. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ta bar masa 'ya'ya biyu: Ladidi, wadda ke aure a ƙetaren ruwa, da Barmo. Barmo ya haura talatin, ƙato ne, zuciyarsa fara tas, sai dai abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Uban ba shi da damuwar da ta wuce wanda zai riƙe Barmo in ya mutu.

Wata rana Ladidi ta zo ganin gida da waya a hannu, tana wani wasa. Ɗan mutum ne a ciki, ba ya taku, sai tsalle daga tudu zuwa tudu da bindiga. Ta ce, "Yaya, ka gani? In yana son gaba sai ya harba baya, in yana son sama ya harba ƙasa. Bindigar ce ke tura shi." Barmo ya juya ya ce, "Baba, da gaske bindiga tana tura mutum?" Tsoho ya buɗe kafaɗarsa, ya nuna masa kantar shekara arba'in, ya ce, "Tana turawa mana." Da ya san abin da ya shuka, da ya yi shiru.

Wata rana tsoho ya ce, "Barmo, hau rumbu ka ɗebo dawa." Ga tsani jingine, Barmo bai ko dube shi ba. Ya ɗauko danƙo ya tsaya gindin rumbu yana ta harbin ƙasa, har azahar bai ɗaga ba. A ranar da gayan fura suka wuni. Shi kuwa Barmo cewa ya yi danƙon ne ba shi da ƙarfi.

Wata rana aka ɗora masa albasa a baro, aka ce ya kai kasuwa da sauri. Da ya zo gangare sai ya haye baron, ya juya baya, ya dinga jifa da albasa ɗaya bayan ɗaya. Baro kuwa ya yi ta gangarawa. Ya isa kasuwa da wuri, yana murna, babu ko ƙwaya ɗaya a ciki.

Wata rana kuma ya ɗauko harba-rugar uban, ya hau turmi, ya saita ƙasa ya ja kunama. Turmi ya tsage, Barmo ya faɗa cikin awaki. Malam Nomau bai yi faɗa ba. Zama ya yi, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Barmo, in na mutu wa zai riƙe ka? Ji nan: bindiga ba a harba ta sai rai na cikin haɗari." Barmo ya ce, "To, Baba." Bai sake taɓa ta ba.

Wata rana da damina, gulbi ya cika ya batse, Barmo da uban suna fadama suna korar birai daga masara sai kububuwa ta sari tsoho. Asibiti yana garin ƙetare. Barmo ya saɓo shi da bindiga da jakar albarushi, ya sa a kwalekwale ya tura. Suna tsakiya sai ruwa ya fizge gorar tuƙin daga hannunsa. Jirgi ya fara bin igiyar ruwa, gari na yin nisa, ƙafar tsoho na kumbura. Tsoro ya kama Barmo, irin wanda bai taɓa ji ba.

Ya ce, "Baba, yanzu rai na cikin haɗari?"

Da ƙyar tsoho ya ce, "Yana ciki, ɗana."

Sai Barmo ya juya wa garin baya, ya harba. Jirgi ya ɗan girgiza kawai. Ya ɗura, ya sake. Ya ɗura na uku, yana kuka yana cewa, "Tura mu mana!"

Wasu masunta na gyaran komar kamun kifi a bayan wani tsibiri. Sun san babu mai farauta a tsakiyar gulbi, harbi uku a jere kuwa ba lafiya ba. Suka fito da jirage biyu, suka jawo su gaɓa. Likita ya ce da sun ƙara jinkiri, da sai dai gawa.

Da tsoho ya farfaɗo, ya ji Barmo yana ba Ladidi labari: "Sau uku na harba baya, sai ga mu a gaba." Ladidi ta buɗe baki za ta gyara masa, uban ya ɗaga mata hannu.

Ya ce, "Ƙyale shi, bindigar ce ta kawo mu. Shekaru ina tambayar wa zai riƙe Barmo, ashe ni za a riƙe."

Nan labarin Barmo ya tsaya, kamar yadda mutanen bakin gulbi suka ba ni.