Ƙuri'a Mai Nauyi a Gonar Aro

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na so in koya wa manoman albasar Goronyo zaɓe ba. Lokacin ban daɗe da dawowa daga karatu a Sakkwato ba, kuma na dulmiya cikin harkar bulokcen, wato fasahar kuɗin intanet. A dandalinmu na waya, nauyin ƙuri'ar mutum gwargwadon abin da ya mallaka ne, wanda ba ya son shiga muhawara kuma sai ya miƙa nauyinsa ga wakili. Ni dai a ganina duniya ba ta taɓa ƙirƙiro adalci irin wannan ba.

A shekarar ruwan da ke zuwa ta magudana ya ja baya, rigima ta tashi a ƙungiyarmu ta noman rani: wa za a fara sakar wa ruwa, 'yan sama ko mu 'yan ƙarshen layi? Albasar Baba ta fara kwanciya, ganyen ya yi rawaya. In aka ƙara mako ba ruwa, shi ke nan noman bana.

Da yake ni ne magatakarda (don dai na fi kowa saurin rubutu, ba don hankali ba), sai na kawo tsari: kowane fangalin shuka ƙuri'a ɗaya, ga kuma damar naɗa wakili. Na riga na zagaye 'yan ƙarshen layi gida-gida, duk sun yarda in wakilce su. Na tabbata in aka haɗa fangalinmu, mun rinjayi Alhaji Ummaru, babban manomin sama, nesa ba kusa ba.

Ranar taro aka cika rumfa, fuskoki a murtuke. Na miƙe da waya a hannu ina ta zuba bayani, har da yarfa hannu. Alhaji ya bari na gama, sannan ya ce, "Ɗan nan, mi kac ce? Gonad da mutum ya mallaka, ko wadda yaka nomawa?"

"Wadda ya mallaka, Alhaji. Haka dokar take!" Na ma maimaita da ƙarfi don na baya su ji.

Na ga mutanena suna sunkuyar da kai ɗaya bayan ɗaya. Baba ya jawo gefen rigata, ya ce a hankali, "Zamna. Gonag ga aro ta. Tun ba a haihe ka ba uban Alhaji ya ara min ita."

Wallahi ban sani ba. Na tashi ina cewa "gonarmu", ba wanda ya taɓa gyara min. Ashe kusan duk waɗanda nake wakilta haka suke, gonakin Alhaji suke nomawa aro. Da bakina na kwashe ƙuri'unmu kaf na zuba wa mutum ɗaya, na kuma tone wa mahaifina abin da bai taɓa faɗa ko a gida ba. Wayar ma na rasa aljihun da zan cusa ta.

Alhaji ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "To, tunda nauyin duka nawa na, na jefa shi: a watsad da tsarin ga. Kowa ya ɗaga hannu nai." Aka ɗaga a kan wa za a fara sakar wa ruwa, mu 'yan ƙarshen layi muka yi rinjaye, washegari ruwa ya iso gonar Baba.

A hanyar gida Baba bai yi min faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Abin da na koya shi ne, kafin ka tsara wa mutane dokar da ke auna su da abin da suka mallaka, ka fara tambaya a gida ko ƙasar da kake tsaye a kai taku ce.